Fada da Hubbare: Tafiya Daga Garaku Zuwa Gidan Rumfa da Sakkwato

Gabatarwa

Wani ƙanena ɗan kasuwa, wanda kan je birnin Gwanzu na ƙasar Sin sarin kaya, ya zo gaishe ni a gidanmu na Garaku da hutun Babbar Salla. Muna cikin hira sai ya zaro wata koriyar takardar kuɗi ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, ga tsarabarka, tunda ku malamai takarda kuka fi so a kan shadda." Takardar yuwan 50 ce. A bayanta an zana wani ƙasaitaccen gini fari da ja, ya hau kan dutse ya zauna daram. Na tambaye shi sunan ginin, ya ce shi dai lambar da ke jiki ya sani. Daga baya na bincika, na gano ashe fadar Fotala ce ta birnin Lasa a ƙasar Tibet, wadda mabiya addinin Buda ke yin tattaki daga nesa domin su ziyarta.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauko takardun kuɗinmu tun daga naira 5 har zuwa naira 1000 na jujjuya, ban ga Gidan Rumfa ba, ban ga Hubbaren Shehu ba, ban ga Hasumiyar Gobarau ba. Da aka koma makaranta na tambayi ɗalibaina na ajin ƙarshe ko su nawa ne suka taɓa taka ɗaya daga cikin wuraren nan. Hannu biyu kacal aka ɗaga, alhali dukkansu sun rubuta jarrabawa a kan waƙoƙin jihadi da tarihin sarautun Hausa. Wannan shi ne musabbabin tafiyar da muka yi, kuma shi ne musabbabin wannan maƙala. Ina roƙon mai karatu ya lura tun da wuri cewa inda na ambaci Tibet, ba aƙida nake gwamawa da aƙida ba. Abin da nake dubawa shi ne yadda al'umma ke riƙon gidan mulkinta da makwancin magabatanta.

Igiyoyin da Suka Ɗaure Mu da Kano

Wanda ya dubi taswira zai ce mene ne haɗin Garaku da Kano? Garaku dai hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kokona ce, a kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, cikin Jihar Nasarawa da aka ƙirƙiro a 1996. Amma tarihi ya ɗaure wannan yanki da Kano da igiyoyi biyu, ɗaya ta fitowa, ɗaya ta komawa.

Ta fitowa ita ce ta Gwandara, waɗanda suke cikin tsofaffin mazauna wannan ƙasa. Ruwayarsu ta baka ta ce kakanninsu daga Kano suka taso, ƙarƙashin wani ɗan sarki, lokacin da Musulunci ya kankama a fada, su kuwa suka zaɓi su riƙe al'adunsu na gado. Har ma akan ce daga furucin "gwanda rawa da salla" sunan ya samo asali. Ko da mutum ya ɗauki wannan fassara a matsayin hikimar masu ba da labari, akwai shaidar da ba ta da ja, wato harshe. Masana sun tabbatar cewa a duk harsunan duniya babu wanda ya kai Gwandara kusanci da Hausa.

Igiyar komawa kuwa ita ce ta Magaji Ɗan Yamusa. Abdu Zanga, Bafulatanin da ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa Keffi wajajen 1800, garin kuma ya zauna ƙarƙashin Zazzau. A farkon ƙarni na 20 Magaji shi ne mai ƙarfin faɗa a ji a garin, kuma shi ne idon Sarkin Zazzau. Ranar 3 ga Oktoba, 1902, a dandalin ƙofar fadar Keffi, aka yi cacar baki ta bakin tafinta, Magaji ya kashe Razdan Kyaftin Maloni. Nan take ya hau doki ya nufi arewa, bai zame ko'ina ba sai Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan karɓa tana cikin manyan hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa na kai wa Kano yaƙi. Ke nan jinin da ya zuba a Keffi shi ya gaggauta isar bindigogin Turawa ƙofar Gidan Rumfa. Sawun Magaji muka ce za mu bi, sai dai mu a mota, ta Abuja da Kaduna da Zariya.

Dala Kafin Fada

Da muka isa Kano ban kai ɗalibai fada kai tsaye ba, sai da muka fara hawa Dutsen Dala da sanyin safiya. Dalilina shi ne, kafin a yi fada a Kano an yi wurin ziyara. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Barbushe a kan wannan dutse yake zaune, shi ne mai kula da tsafin Tsumburbura, kuma sau ɗaya a shekara jama'a kan taru daga gabas da yamma, kudu da arewa, ɗauke da baƙaƙen dabbobi na yanka, su saurari abin da zai faru a shekarar. Bagauda ya zo a 999 bisa lissafin da aka saba, Gijimasu (1095–1134) ya fara ganuwa, Tsamiya (1307–1343) ya rushe wurin tsafin, sannan a zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali da littattafai da salla.

Daga ƙwanƙolin dutsen mutum yana iya karanta wannan tarihi da idonsa. Ga tsofaffin unguwanni sun rungume gindin Dala, ga Goron Dutse can yamma, ga rumfunan Kasuwar Kurmi, can kudu kuma ga hasumiyoyin Babban Masallaci da dogayen itatuwan fada. Tazarar da ke tsakanin inda muke tsaye da waɗancan itatuwa ba ta fi tafiyar ƙafa ta ɗan lokaci ba, amma Kanawa sun shafe ƙarnuka kafin su kammala ta.

Gidan Rumfa

Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ya ɗauke mazaunin sarauta daga tsohon gari ya kai shi kudu, a wani fili da ya faɗaɗa ganuwa ya shigar da shi. Kafin ya hau gado yana riƙe da sarautar Makama, gidan da ya zauna kuwa shi ne Gidan Makama da ya zama gidan adana kayan tarihi a yau. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini cikin kayan sarauta. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya sauka Kano wajajen 1492, ya rubuta masa risala a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Saboda haka ƙaurar da Rumfa ya yi daga inuwar Dala ta wuce neman fili. Sanarwa ce cewa sarauta ta sake madogara, ta bar dutse ta kama littafi.

Mun shiga ta Ƙofar Kudu, wadda Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi ya gina a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Wani dattijon dogari cikin ja da kore ya tare mu. Na gaishe shi na ce, "Baba, ɗalibai ne na kawo daga Keffi su ga gidan tarihi." Ya dube ni ya ce, "Malam, gidan tarihi yana can Gidan Makama. Nan gidan Sarki ne, da mutane a ciki." Na karɓi gyara. Gaskiyarsa kuwa, domin fili ne mai faɗin eka 33 ko kusa da haka, da iyalai da barori da dawaki, da yara masu tafiya makaranta, da hayaƙin girki yana tashi. Baƙo iyakarsa zaurukan waje da sorayen zaman fada, cikin gida kuwa sai mai dalili.

A ɗaya daga cikin sorayen na sa ɗalibai su ɗaga kai su dubi rufi. Nan suka ga ɗaurin guga, yadda maginan Hausa ke jera azara, wato tsagin giginya da gara ba ta ci, su lanƙwasa ta cikin laka ta zama bakan gizo, bakuna su haɗu a tsakiya su ɗauki nauyin soro ba tare da ginshiƙi ba. Katanga kuwa da tubali ake tayar da ita, a yaɓe, a shafe da makuba domin ruwa, a sa indararo, a ƙawata kusurwa da zanko. Wannan fasaha ce ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Soron Ingila kuma, wanda aka yi a zamanin Abdullahi Bayero (1926–1953), ya nuna cewa kowane zamani yakan ajiye nasa tubalin a gidan.

Akwai wani labari a kundin tarihin Kano da ya fi kowane bayyana matsayin wannan gida. Bayan jihadi ya kori Sarki Alwali, Malam Sulaimanu da aka naɗa bai shiga Gidan Rumfa nan da nan ba, domin jama'ar jihadi suna ƙyamar gidan a matsayin mazaunin mulkin da suka yaƙa. Sai aka nusar da shi cewa Kanawa ba za su ɗauke shi sarki ba muddin yana waje. Ya nemi iznin Shehu Usmanu, aka ba shi, ya shiga. Haka Turawa, bayan Kanar Molan ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato, ba su rushe gidan ba, sai suka naɗa Abbas suka zaunar da shi a ciki. Ko a takaddamar sarauta ta 2020 da ta 2024, tambayar da talaka ya fara yi ita ce, wa ke cikin Gidan Rumfa? Fiye da shekara 500 ke nan, Haɓe da Fulani da Turawa da 'yan siyasa kowa ya zo da tasa, amma babu wanda ya iya mulkin Kano ya yi biris da wannan katanga.

Hubbaren Shehu

Daga Kano muka kama hanyar Gusau da rana tsaka, saboda halin da hanyar take ciki ba mu yarda dare ya riske mu ba. Ita ce dai nahiyar da Magaji ya bi tare da ayarin Sarki Alu. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a masu ɗimbin yawa, Magaji yana cikinsu, har aka yi karon ƙarshe a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Attahiru ya yi shahada, Magaji ma a can ya kwanta.

Wanda ya fito daga Gidan Rumfa ya zo Hubbare zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Babu kakaki, babu dawaki, babu doguwar ƙofa. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, ya yi karantarwa a Ɗegel, ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Alƙalawa ta faɗi a 1808, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, shi kuwa Shehu ya zauna Sifawa yana rubutu da karantarwa, sai a 1815 ya dawo Sakkwato. Ya rasu a Afrilun 1817, aka binne shi a gidan da ya zauna. Wannan gida shi ne Hubbare. Mutumin da tutocinsa suka kai har Adamawa da Nufe da Ilori bai gina wa kansa fada ba, ya bar sha'anin mulki ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello. A nan kusa da shi aka binne 'yarsa Nana Asma'u a 1864, haka kuma wasu daga cikin Sarakunan Musulmi na baya, har da Abubakar na Uku a 1988 da Muhammadu Macciɗo a 2006. Bello kuwa yana Wurno, inda ya rasu a 1837, Abdullahi yana Gwandu.

Muka tuɓe takalma muka shiga, muka yi sallama ga mamata, muka yi musu addu'a. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan mata, galibi tsofaffi daga ƙauyuka, wasu da ƙullin hatsi na sadaka. Na durƙusa na gaida wata da ke hutawa a inuwa, na ce, "Inna, daga ina?" Ta ce daga wajen Birnin Ƙonni. Na ce, "Da nisa kuwa, ga tsufa." Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, tun ina riƙe da gefen zanen kakata nake zuwa. Ita ta koya mini alwala da waƙar Nana. In na daina zuwa, wa zai nuna wa jikata hanya?" Ga jikar nan kuwa a gefenta tana riƙe da buta.

Wannan tsohuwa, ko ta sani ko ba ta sani ba, reshe ce ta 'Yan Taru, tsarin da Nana Asma'u ta kafa na karantar da matan karkara. Takan naɗa jaji, wato shugabar ayari, ta ba ta malfa, jaji ta riƙa jagorantar mata zuwa wurinta su koyi karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar. Ashe waƙoƙin da ɗalibaina suka haddace domin jarrabawa, ga wadda ta gaje su a matsayin tarbiyya tana zaune a gabansu.

Da muka fito gardama ta kaure tsakanin ɗalibai. Wani ya ce ya ga ana shafar bango, wannan kuwa bidi'a ce. Wata ta ce in an hana tsofaffin nan zuwa, an yanke igiyar da ta kai ilimi ƙauye shekara fiye da 150. Gardamar ba sabuwa ba ce, ta ƙara zafi tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Na ce musu su koma ga mai Hubbaren kansa. Shehu ya wallafa Ihya'us Sunna, inda ya yi gargaɗi a kan bidi'o'in da ake yi wajen jana'iza da maƙabarta, alhali ziyarar ƙabari domin tuna lahira da yi wa mamaci addu'a abu ne da Sunna ta tabbatar. Maganin kuskuren mai ziyara shi ne a karantar da shi, wanda kuwa shi ne aikin da Shehu da 'yarsa suka ƙare rayuwarsu a kai.

Waiwaye Zuwa Lasa

Yanzu sai mu koma ga takardar ƙanena. Birnin Lasa yana kan tudu mai tsawon kusan mita 3,700 daga doron teku. A ƙarni na 7 Sarki Songtsen Gampo ya yi gini a kan Jan Dutse, a zamaninsa kuma aka gina ɗakin ibada na Jokhang, wanda masu ziyara ke kewayawa suna faɗuwa ƙasa suna tashi. Fadar da ake gani yau Dalai Lama na Biyar ne ya fara ta a 1645. Ya rasu a 1682 aiki bai ƙare ba, sai wazirinsa ya ɓoye rasuwar shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar, a cikin wannan lokaci aka kammala Jar Fada a 1694. Hawa 13 ce, da ɗakuna fiye da 1000, kuma a cikinta aka ajiye gawawwakin Dalai Lama takwas cikin hubbarori masu rufin zinariya. Wato abin da muka raba biyu, fada a Kano, hubbare a Sakkwato, su sun haɗa shi ƙarƙashin rufi ɗaya.

Wani abin lura shi ne, guguwar da ta buge mu ita ta buge su, kusan a lokaci guda. Shekara ɗaya bayan Burmi, a Agustan 1904, rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Younghusband ta shiga Lasa daga Indiya, bayan bindiga mai ruwa ta karkashe ɗaruruwan 'yan Tibet masu riƙe da takubba da bindigogin toka. Dalai Lama na Goma Sha Uku ya fice zuwa Mangoliya, aka sa hannu a kan yarjejeniya a cikin Fotala ba ya nan. Sai dai Ingilishi sun juya sun tafi. Waɗanda suka zo suka zauna su ne sojojin Sin, daga 1950. A Maris na 1959 Dalai Lama na Goma Sha Huɗu ya tsere zuwa Indiya, bai sake komawa ba. Fotala ta tsira daga rushe-rushen Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976, hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. A yau gidan kallo ce, ana shiga da tikiti, ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana. Duk shekara bayan damina jama'a kan fito da bokitai su shafe bangonta da farar ƙasa da aka dama da madara da zuma da sukari. Ginin yana nan garau, mai gidan ne babu.

Kammalawa

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da abin da ɗaya ya rasa. Namu wuraren suna da rai, Sarki yana zaman fada a Gidan Rumfa, tsohuwa tana kawo jikarta Hubbare, ba wanda ya sayi tikiti. Abin da muke rasawa shi ne hannun da ke yaɓe. Ginin ƙasa kamar gona yake, in aka yi damina biyu ba a taɓa shi ba sai ya fara komawa inda ya fito. Ganuwar Kano tana cikin jerin jiran UNESCO tun 2007, amma wanda ya zaga ta zai ga inda aka yanke ta aka yi shaguna, da inda aka kwashe ƙasarta, da inda ta zama juji. Wuraren Nijeriya biyu da suka shiga jerin tun farko su ne Sukur a 1999 da Kurmin Osun na Oshogbo a 2005. Magina masu sanin ɗaurin guga suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo da siminti.

Ba sai mun je Kano za mu ga wannan ba. A Keffi akwai dutsen da ake kira da sunan Maloni, sunan Yamusa kuma yana nan a gidan sarauta, amma ganuwar garin, wanda sunansa ma daga kafi ya samo asali, sai an yi tambaya kafin a sami mai nuna inda ta bi. A Garaku da ƙauyukan Kokona dattawan da suka san zango-zangon da Gwandara suka yi daga Kano suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowannensu kuwa ya tafi da abin da ke cikinsa.

Saboda haka da muka dawo na canza wa ɗalibai batutuwan kundin kammala digiri. Na ce kowa ya koma garinsu da na'urar ɗaukar magana, ya zauna gaban tsoho ko tsohuwa, ya rubuto tarihin ƙofa ɗaya, ko kushewa ɗaya, ko waƙa ɗaya ta 'Yan Taru, da sunan wurin da yadda za a same shi. Huɗu daga cikinsu 'yan Kokona ne, kuma sun fara kawo abin da suka samo. Ina kira ga sauran sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'inmu su gwada haka, su kuma nemi sarakunan gini su shigo aji su koyar tun suna da ƙarfi. Takardar yuwan 50 tana nan cikin littafin da nake shiga aji da shi, nakan nuna wa kowane sabon aji in tambaye su wane gini za su zana in an ba su zaɓi, sannan in tambaye su yaushe rabon da su je su gan shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.